Yatsana a Kan Takardar Nafisa

Ranar da Zule ta kawo mini bidon mai, wato jarka, har gida, mu shida ne a tsakar gidan. Akwai ni, Habsu, wadda mutanen Yekuwa ke kira Iya Mai Ƙuli. Akwai ɗana Isufu, da ƴarsa Nafisa, wadda ta zo mana kwana biyu daga wurin aikinta. Akwai wasu ƴan mata biyu na unguwarmu, Balki da Maryama, suna zaune a gefen tabarma, kowacce da takarda cikin leda, suna jira in sauke suya in dangwala musu yatsa. Ta shida ita ce Zule, shugabar ƙungiyar matan wani ƙauye can wajen Dogo-Dogo. A kan kabu-kabu ta zo, ta rungumo bidon a cinya tun daga garinsu.

Ni ban yi lakwal ba, ban iya karatu da rubutu ba. Nafisa ce ke rubuta wannan da hannunta, kuma na ce ta rubuta har da wuraren da ba su yi mata daɗi ba. Idan ta gama zan kai wa wani ya karanta mini daga farko har ƙarshe, don na daina sa yatsana a kan abin da kunnena bai tabbatar ba. Ku yaran yanzu da ke ganin matsar man gyaɗa aikin wadda ta rasa abin yi ne, da ku nake. Kafin in gaya muku abin da ke cikin bidon Zule, sai kun fara sanin aikin.

Aikin farko da Gwaggo Dela ta ba ni tsinta ne. Ƙanwar babana ce, a hannunta na tashi, kuma ita ce mai ƙulin garinmu a lokacin. Takan zuba mini tiya ɗaya ta ɓararriyar gyaɗa a faifai, ta ce in fitar da tsakuwa, da wadda ta yamutse, da wadda ta yi fumfuna, da wadda idan an fasa ta cikinta ya yi baƙi. Idan na ce na gama, sai ta zo ta tsoma hannu sau ɗaya. In ta samu ruɓaɓɓiya ko da guda ce, ba ta faɗa, ba ta duka. Sai ta ɗauki dattin da na ware ta juye shi cikin mai kyau, ta cakuɗa, ta koma wurin aikinta. Rani biyu na yi a kan faifai kafin ta bar ni in tsaya kusa da murhu.

Suya ita ce ta biyu. Rairayi ake wankewa a shanya, a zuba a kasko tare da gyaɗar, wutar kuma ta kara ce, ba ta itace mai nauyi ba. Hannu ba ya tsayawa da juyi. Babu agogon da zai gaya miki ta yi, hanci ne ke faɗa, sai kuma ki murza ɗaya tsakanin yatsu ki ga ko ɓawon ya saki. In kin bar ta ta wuce, mai ya yi duhu, ƙuli ya yi ɗaci. In kin sauke ta da wuri, sai ki wuni a kan turmi mai ya ƙi fitowa. Daga nan a murje, a fece, a niƙa. Mu a kan dutse muka fara, gwiwa a ƙasa. Yanzu akwai inji, na gode Allah, amma har yau ba na aika yaro markaɗe. Da kaina nake zuwa in tsaya a kan mai inji ya wanke shi, don in wadda ta riga ni tattasai ta markaɗa, man wannan rana ba na sayarwa ba ne.

Turmin da nake aiki da shi na kirya ne, na Gwaggo ne, kuma bai taɓa ganin hatsi ba. A ciki ake zuba markaɗen, a riƙa ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da taɓarya. Ku riƙe wannan: ruwa ake zubawa. Da farko markaɗen yana da santsi, sai ya fara tauri yana kama taɓarya, sai kafaɗarki ta fara gaya miki ki bari, sannan ki ga mai yana tsatsowa ta gefe. A kwalfe shi da ludayi. Abin da ya rage shi ne tunkuza, ita ma a matse ta a kan dutse da tafin hannu har ta daina zuba, a mulmula ta, a soya ta zama ƙuli-ƙuli.

Sai aikin ƙarshe, wanda Gwaggo ba ta yarda kowa ya yi magana a kusa da ita in tana yinsa. Duk man da aka kwalfe sai ya hau wuta. Ɗanyen mai yana da ruwa a jikinsa, ruwan nan da muka ɗiga da hannunmu. Ido ba ya ganinsa sosai, amma da ya ji wuta sai ya fara tsatsat-tsatsat yana kumfa. Takan ce in sunkuya in saurara. Muddin yana wannan ƙara, da saura. Sai ya yi shiru, ya kwanta, ka ga gindin tukunya ta cikinsa, sannan a jefa albasa ta kashe gafi, a sauke, ya huce a buɗe, a tace, a ɗura a mazubin da ya bushe sarai. Man da aka yi wa haka yakan kai damina lafiya. Wanda ba a yi wa ba, mako uku ya ishe shi.

Masu sayen mai ba su da yafiya, kuma ban ga laifinsu ba. Akwai wani mai tsire a tashar Magarya da ya yi shekaru yana karɓar ƙulina don yaji. Duk ranar kasuwa sai ya ɗiga man a bayan hannu ya shinshina, ya gutsuri ƙuli ya tauna yana kallon sama, kamar yau muka fara haɗuwa. Masu ƙosai kuwa a kaskonsu suke gwada ki. In manki ya yi kumfa ya ɓata musu safiya ɗaya, ba za su zo su yi faɗa ba, sai dai ki ga yarinyarsu ta wuce ƙofarki da kwalba. Na kai mai kasuwar Dungas a kan amalanke fiye da shekara ashirin. A can Zule ta san ni. Tana saye, tana tambaya, har ta fara matsa a garinsu, kuma hannunta ba laifi.

Muguwar shekarar da na gani ita ce wadda ruwa ya dawo bayan an tuge gyaɗa. Tana tare a gonaki ya yi kwana uku yana zuba. Daga waje kwanson lafiya lau, in ka fasa sai ka ga ƙwayar ta yi kore-kore. A cikin tiya uku da ƙyar nake fitar da biyu. Wasu mata suka ce wuta za ta kashe komai, suka soya ta yadda take. A shekarar ne wani malamin gona ya zo garinmu, yaro ne, ya yi karatu mai zurfi. Bai tsaya daga nesa ba. Ya zauna a tabarma ya tsinci gyaɗa tare da mu har la'asar, ya gaya mana fumfunar nan tana da dafin da suya ba ta kashewa, ya nuna mana yadda za mu shanya a kan tamfol ba a ƙasa ba. Har yau da shawararsa nake aiki. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce tsohuwar nan karatu take ƙi. Na ga mai karatu na gaske, na san kamanninsa. Ranin nan rabin abin da na saba na matsa, tunkiyata biyu suka tafi kasuwa, amma babu wanda ya mayar mini da kwalba.

Yanzu maganar takarda. Da Nafisa ta gama lise ba ta samu shiga jami'ar gwamnati ba. Sai Isufu ya ji labarin wata makaranta ta kuɗi wadda ba sai yarinya ta bar gida ba, a waya ake komai, shekara biyu a ba ta difilom na sarrafa amfanin gona. Ya je Damagaram ya gano wurin. Da ya dawo ya ce allon da ke ƙofar ya kai faɗin zaurenmu. Na tambaye shi ɗakunan karatu nawa ya gani, ya ce ɗaki biyu ne a saman wani kanti, da mutum ɗaya a bayan tebur. Na tambaye shi ko ya ga kasko ko inji ko buhun wani abu, ya ce ba a nan ake wannan ba. Ya sayar da sa ya biya.

Shekara biyun nan a idona aka yi su. Nafisa ba malalaciya ba ce, wannan zan faɗa. Kullum tana kan tudun bayan masallaci inda waya ke kamawa, tana saurare tana rubutu. Amma na lura da abubuwa. Na tambaye ta sunan malaminta, ta ce murya ce kawai da hotuna, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Na tambaye ta in ba ta gane ba wa take tambaya, ta ce tana aika saƙo, wani lokacin amsar na zuwa bayan an yi jarrabawar. Jarrabawar ma a waya ce, kuma ɗaliban suna tura wa juna amsoshi tun kafin rana ta ɗaga. Na tambaye ta a cikinsu wa ya taɓa faɗuwa. Ta yi tunani ta ce sai dai wanda bai gama biya ba.

Da karatun ya zo ƙarshe aka ce kowane ɗalibi sai ya kawo shaidar ya yi wata uku yana aiki da hannunsa a wurin masu sana'a. Sitaj suke kiransa. Ni ce shugabar ƙungiyar masu mai ta garinmu, muna da hatimi. Isufu ya zo da takardar wata safiya ina tsaka da murza. Ban ce an ruɗe ni ba. Ya karanta mini, na ji abin da ta ce: Nafisa ta yi wata uku a hannuna, ta iya aikin daga tsinta har ɗuri. Na ce masa yarinyar nan ko taɓarya ba ta taɓa ɗagawa ba, in ana suya ɗaki take shigewa saboda hayaƙi. Ya ce kwana huɗu ya rage a rufe karɓa, ya ce kowa haka yake yi, ya ce makarantar ba ta aiko kowa ya duba, ya tuna mini da san da ya sayar. Na goge hannuna a zani, na taɓa tawada, na dangwala. Gaskiyarsa kuwa, ba wanda ya zo ya duba. Ko a waya ba su kira ba.

Difilom ya fito da zanen zinariya a gefensa. Ba a yi wata biyar ba wani furoje mai taimakon mata ya ɗauki Nafisa, aka tura ta wajen Dogo-Dogo ta koya wa mata gyaran sana'ar mai. Labari ya bazu a unguwa cewa yatsan Iya Mai Ƙuli yana buɗe ƙofa. Shi ya kawo Balki da Maryama tabarmata, su ma makarantar suke yi.

To, Zule ta yi sallama, muka gaisa, ta sha ruwa. Ba ta kalli Nafisa ba. Ta ajiye bidon a gabana ta ce in buɗe. Tun kafin murfin ya gama fita na san abin da ya faru. Man ya yi gauraye kamar ruwan tafki, akwai wani fari-fari kwance a ƙasa, warinsa kuma irin na tsohon tsumman kasko. Na ɗiga a harshe, ya kama mini maƙogwaro. Na tambaye ta bido nawa ne haka. Ta ce shida, na mata goma sha huɗu, sun tara don azumi. Ta ce da aka gaya musu wannan mai zai fi tsada a birni, wasunsu har gyaɗar irinsu suka zuba a ciki.

Na juya wurin Nafisa na tambaye ta ko man ya hau wuta. Ta ce a'a. Ta ce a darasinsu an nuna musu cewa zafi yana kashe amfanin mai, man da ya fi daraja shi ne wanda aka rufe shi ɗanye, da zarar ya fito. Na ce ta nuna mini. Ta lalubo a wayarta ta miƙo. Na ga wani inji na ƙarfe mai sheƙi, ana zuba gyaɗa ta sama mai yana fita ta ƙasa. Na ce ta sake kunnawa. Na kalla sau uku.

Na ce, "A ina suke zuba ruwan zafin?"

Ta ce, "Iya, ba a zuba ruwa a wannan."

Na ce, "A turmin Zule fa?"

A nan ta gane, ba sai na ƙara ba. Darasin ba ƙarya ya faɗa ba. Na man inji ne, wanda ruwa bai taɓa shi ba. Amma a shekara biyu babu mutum ɗaya a makarantar nan da ya tsaya kusa da ita ya tambaye ta da me matan garinku ke matsa. Wanda ya kamata ya toshe wannan rami shi ne sitaj, sitaj ɗin kuma ni ce.

Na tambayi Zule, ita da ta san aikin, me ya hana ta magana. Ta ce ta yi. Ta ce ranar ɗuri ta tsaya ta ce ita ba ta taɓa rufe ɗanyen mai ba. Sai mutumin furoje ya fito da takardun Nafisa ya karanta wa mata, har wurin da aka ce ta yi wata uku a hannun Habsu ta Yekuwa, ya nuna musu hatimi da yatsa.

Ta ce, "Yaya Habsu, da difilom ɗin kaɗai ne da na yi gardama har dare. Sunanki ne ya rufe mini baki. Na ce wataƙila kin samo sabon abu ban sani ba."

Isufu ya matso ya rage murya. Ya ce ba sai maganar ta kai ofis ba. Ya ce ana iya cewa bidon ne ba a wanke da kyau ba, shi zai san yadda zai lallashi matan, in ba haka ba aikin yarinyar ya tafi. Na ce masa bidon Zule ya fi tukunyar gidansa tsabta, kuma ba za a ɗora wa mata goma sha huɗu ƙazanta don a rufe abin da ni da shi muka yi ba. Ya ce to me zan ce musu. Na ce abin da ya faru: na sa yatsa a kan ƙarya. Nafisa za ta kira shugabanta ta gaya masa da bakinta, in ya so jin nawa a ba ni wayar. Nafisa tana kuka, amma ta kira. Mutumin ya ce ta dakata da zuwa aiki, za su zauna a kan maganar. Na karɓi wayar na ce masa in suna da haƙurin wata uku, zan mayar musu da ita da takarda ta gaskiya. In ba su da shi, wannan nasu ne. Ya ce ya ji. Bai yi alkawari ba.

Man da ya juya ba ya dawowa, ko an dafa shi sau goma. Na gaya wa Zule kada su sayar, kada su ci, su ajiye shi za mu yi sabulu da shi, zan zo in nuna musu. Maganar iri kuwa, na ce ta kwana, da safe za mu gani.

Balki da Maryama duk abin nan suna zaune. Da aka natsa, Balki ta ɗago ledarta a hankali ta ce su dai nasu sa hannu ne kawai, ba wurin wasu mata za su je ba, ofis suke nema. Na ce Nafisa ma haka ta ce. Na gaya musu takardar wata uku ta ce, to wata uku ne, kuma ana farawa bayan sallar asuba, a zo da tsohon zani. Maryama ta ce a Magarya akwai mai hatimin da ke bugawa ba tambaya. Na ce hanyar Magarya a buɗe take. Suka tashi suka tafi.

Washegari da na idar da salla na buɗe rumbu. Na fitar da buhu biyu na gyaɗar da na ware don iri, na sa Isufu ya ɗaure su a bayan kabu-kabun da zai mayar da Zule. Ya ce me za mu shuka. Na ce gonar gyaɗar bana za ta ragu, ya sa wake a sauran. Zule ta so ta ƙi karɓa, na ce ba kyauta ba ce, bashi nake biya.

Da ƙurar babur ta kwanta na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Maryama ba ta zo ba. Balki ta zo, da zanin uwarta. Na tashi Nafisa, na ba kowaccensu faifai, na zuba mata tiya ɗaya, na gaya musu abin da ake fitarwa. Na tafi na hura wuta. Rana ta ɗan ɗaga Nafisa ta kira ni ta ce ta gama. Na zo na tsoma hannu sau ɗaya, na buɗe tafina a gabanta. Ruɓaɓɓu uku ne a ciki. Na ɗauki dattin da ta ware na juye cikin mai kyau, na cakuɗa, na koma wurin kaskona.